Unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Swindon: me ya tsira, me ya lalace, kuma me ya jawo?

Hajiya Maryam:
Assalamu alaikum jama'a. Tunda maganar tsofaffin gidajen ma'aikata ta ƙi ƙarewa a zauren nan, ina so mu ɗauki wuri guda mu feɗe biri har wutsiya: unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Swindon da ke Ingila.

A 1840 Swindon ɗan ƙaramin garin kasuwa ne a kan tudu, mutanensa kusan 2,500. A watan Satumba na wannan shekarar Daniel Gooch, mai kula da injinan kamfanin Great Western Railway, ya rubuta wa babban injiniyan kamfanin, Isambard Kingdom Brunel, cewa a kafa ma'aikatar gyaran injina a filayen da ke ƙasan tudun. Ma'aikatar ta fara aiki a Janairun 1843. To amma fili ne fetal, babu inda maƙera da kafintoci za su sa haƙarƙarinsu, dole kamfanin ya gina musu unguwa. Gidaje kusan 300 aka yi, jere a layuka takwas, huɗu yamma huɗu gabas, da dandali a tsakiya wanda yanzu ake kira Emlyn Square. Sunayen layukan ma na garuruwan da jirgin ke bi ne: Bristol, Bathampton, Exeter da Taunton ta yamma, London, Oxford, Reading da Faringdon ta gabas.

Gidajen benaye ne masu hawa ɗaya, manne da juna, bangon gaba na dutse, rufin kuma na fale-falen dutse. A wasu layukan za ku ga ƙofofin maƙwabta biyu an shigar da su cikin lungu ɗaya, kowace an karkata ta, ga kuma bututun hayaƙi a sama. Tsakanin bayan layi da bayan layi akwai siririn lungu, ta nan ake shigo da kwal, ta nan kuma ake kwashe ƙazantar bayan gida.

Abin da nake so mu tattauna: an rufe ma'aikatar a 1986, amma gidajen nan har yau da mutane a ciki, alhali babban ginin da ke tsakiyar dandalin, wato Mechanics' Institute, wanda ya fi su kyau da tsada, yana nan a rufe yana lalacewa. Me ya bambanta su?

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a shiga gidajen, bari a san dalilin zaɓen wurin, don shi ne tushen komai. Daga Landan zuwa Swindon mil 77 ne, kuma Brunel ya shimfiɗa dogon kusan a miƙe, hawan da ke ciki kaɗan ne ƙwarai. Daga Swindon zuwa Bristol kuwa ƙasar ta canza. A cikin ramin Box, wanda aka huda a dutse aka buɗe a 1841, dogon yana hawa ƙafa 1 a kowace ƙafa 100. Injin da aka yi don gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, mai manyan ƙafafu, ba shi ne zai ja kaya a wannan hawan ba. Ke nan dole a sami inda za a sauya kan jirgi, kuma inda ake sauya kai nan ake buƙatar loko, da ruwa, da kwal, da masu gyara. Ƙari a kan haka, a Swindon reshen da ya nufi Gloucester da Cheltenham ya rabu, sannan ga hanyar ruwa ta Wilts and Berks da kwale-kwalen dakon kwal ke bi.

Kabiru:
Duk na yarda, amma kada mu mayar da kamfanin wani uban marayu. Kamfanin bai ma fitar da kuɗin ginin daga aljihunsa ba da farko. 'Yan kwangila ne, J. D. da C. Rigby, aka yi yarjejeniya da su: su gina tasha da gidajen da kuɗinsu, su mayar ta hanyar haya da kuma ɗakin cin abinci na tashar. Aka sa sharaɗin cewa jiragen fasinja sai sun tsaya minti goma a Swindon don mutane su sauka su sayi abinci. Wannan sharaɗi ya zame wa kamfanin ƙarfen ƙafa har 1895, lokacin da ya biya fam 100,000 ya fanshi kansa.

Illar irin wannan tsari ita ce ɗan kwangila yana gini ne gwargwadon abin da ke shigo masa. Aikin ya yi ta jan ƙafa, ma'aikata kuma suna ta kwararowa. Gidan da aka yi wa iyali ɗaya sai ka tarar da iyali da 'yan haya a cushe. An gina wani babban gida na gwauraye da ake kira Barracks, mazan ba su so shi ba, suka gwammace su raɓe a gidajen iyalai. Daga baya ginin ya zama majami'a a 1869, ya zama gidan tarihin jirgin ƙasa a 1962. Kuma gidan na kamfani ne: ranar da aikinka ya ƙare, zamanka ma ya ƙare.

Zainab:
Yaya Kabiru ya taɓo inda nake so. Cunkoson nan, ga shaddar gargajiya a bayan gida, ga rashin magudanar ruwa mai kyau, su suka sa cututtuka suka addabi unguwar a shekarun farko. Daga nan ne asusun lafiya na ma'aikatan, wato Medical Fund Society, ya samo asali a 1847. Ana cire wani abu daga albashin kowane ma'aikaci, shi da iyalinsa su ga likita su karɓi magani. A farkon shekarun 1870 suka buɗe ɗan asibitinsu a cikin unguwar, a farkon shekarun 1890 kuma suka gina babban gini a Milton Road mai wurin ninƙaya da ɗakin shan magani, daga baya aka ƙara ɗakunan wanka. Wurin wankan ba ƙawa ba ne, gidajen ne ba su da banɗakin wanka. Kafintocin ma'aikatar har ƙafar katako suke sassaƙa wa wanda ya rasa ƙafa a bakin aiki. Asusun ya yi shekara ɗari yana aiki kafin gwamnatin Birtaniya ta kafa tsarin lafiya na ƙasa a 1948.

Tambayata ga Malam Ɗanlami: bangon dutse mai shekara 180, a ƙasar da ruwan sama ba ya yankewa, me ke riƙe da shi?

Malam Ɗanlami:
Malama Zainab, abin da ke riƙe da shi shi ne kwaɓin da ke tsakanin duwatsun, kuma shi ne abin da masu gyara suka fi ɓatawa.

Dutsen irin na farar ƙasa ne, yana shan ruwa yana kuma fitarwa. Wanda ake sawa a kusurwoyi da kewayen taga, dutsen Bath, ya fi laushi, har da zarto ana yanka shi. Magina na wancan zamani ba da siminti suke ɗaure shi ba. Dutsen farar ƙasa suke ƙonawa a zafin da ya kai kusan digiri 900, su jiƙa shi da ruwa ya tafasa ya zama kamar kindirmo, su kwaɓa da yashi. A garuruwan masana'antu sukan haɗa da tokar kwal, shi ya sa za ki ga layin kwaɓin ya yi baƙi. Wannan kwaɓi ya fi dutsen laushi, kuma da gangan ne. Ruwan da bango ya sha ta layin kwaɓin yake fita, gishirin da ruwan ya ɗauko ma nan yake taruwa. Bayan shekaru masu yawa kwaɓin ya zaizaye, a kankare a sake cikawa, dutsen yana nan lafiya lau.

Idan aka cika layin da siminti, an toshe ƙofar. Ruwa zai shiga ta dutsen da ta 'yan tsagogin da simintin ke yi, ya rasa mafita sai ta fuskar dutsen. Da hunturu ya zo ruwan ya daskare, girmansa ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari, fuskar dutsen ta ɓare. Alamar ba ta ɓuya: layin siminti ya fito zaƙo-zaƙo, dutsen da ke tsakiya ya lotsa ciki, a gindin bango kuma ga garin dutse ya zuba.

Yadda ake gyaran kuwa:

A kankare tsohon kwaɓi da hannu, da siririn kurfi. Ban da giranda, don tana cin bakin dutse ta faɗaɗa layin. Zurfin kankarewar ya kai aƙalla ninki biyu na faɗin layin: layi mai milimita 10 a shiga milimita 20 zuwa 25. A share ƙura, a fesa ruwa har dutsen ya daina zuƙa da sauri, amma kada ruwa ya kwanta. Awo shi ne farar ƙasa 1, yashi 3, kuma yashin ya zama mai kaifi mai haɗe da manya da ƙananan ƙwayoyi; yashi mai laushi zalla yana sa kwaɓi ya tsuke ya tsage. Idan jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ce, ta kwana aƙalla wata uku a rufe kafin a taɓa ta. Kwaɓin ya yi tauri, kada ya yi ruwa-ruwa. A danna shi ciki sosai, rami mai zurfi kuma a cika shi hawa-hawa, a bar kowane hawa ya kama. Idan ya yi taurin da farce zai shiga amma yatsa ba zai lotsa shi ba, a bubbuga da buroshi mai tauri don ya ƙara dannuwa, ƙwayoyin yashi su bayyana. Sannan a rufe bangon da jiƙaƙƙen buhun algarara na kwanaki, kada rana ko iska su busar da shi da wuri. Idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5, a ajiye aikin.

Kabiru:
Malam, ga inda gardamar take. Wannan aiki yana cin lokaci, lokaci kuma kuɗi ne. Gidajen haya ne na masu ƙaramin ƙarfi, hukuma ce ke biyan gyara. Me zai hana a ɗan zuba siminti kaɗan a cikin farar ƙasar don ta kama da wuri? Kashi ɗaya cikin goma, misali. Kowa ya huta.

Malam Ɗanlami:
Wannan dabarar an daɗe ana yin ta, Malam Kabiru, kuma ba ta haifar da ɗa mai ido ba. Ita farar ƙasa da iska take ƙarfi, tana zuƙar iskar kabon a hankali daga waje zuwa ciki. Ɗan simintin da ka zuba zai toshe ƙofofin da iskar ke bi, kuma bai kai yawan da shi kansa zai riƙe kwaɓin ba. Ka tashi ba tsuntsu ba tarko. Idan wurin yana shan ruwa sosai, kamar bututun hayaƙi ko gindin bango, akwai farar ƙasar da ke kamawa ko a cikin laima, wadda ake sayarwa da lamba NHL 2 ko NHL 3.5. Ga dutse mai laushi a tsaya a mai ƙaramar lamba.

Batun kuɗi kuma, lissafa da kyau. Sake cika layi aikin magini ɗaya ne da ɗan kwaɓi. Sauya dutsen da ya ɓare kuwa sai an nemo irinsa, an yanka, an tokare bango, an zaro tsohon. Ga wani abu da ake mantawa: dutsen nan yana da shimfiɗa, yadda ya kwanta a mahaƙa haka za a kwantar da shi a bango. Idan aka tsayar da shi shimfiɗar tana kallon waje, zai riƙa ɓarewa falle-falle. Haka in an tarar da tsohon ƙarfen da aka ɗaure duwatsu biyu da shi ya yi tsatsa, a cire shi, don tsatsa kumbura take yi ta fasa dutse daga ciki. A mayar da ƙarfen da ba ya tsatsa.

Hajiya Maryam:
Ina tare da Malam Ɗanlami a kan kwaɓi, amma Kabiru yana da gaskiya ta wani ɓangaren: da ba a sa kuɗi an mayar da gidajen wurin da mutum zai iya zama ba, da yanzu babu bangon da za a yi gardama a kansa. A shekarun 1960 unguwar ta tsufa, hayaƙi ya baƙanta duwatsun, ana ta maganar rushewa. Wani fitaccen marubucin waƙoƙi, John Betjeman, yana cikin waɗanda suka ɗaga murya. A 1966 majalisar garin ta sayi gidajen daga hukumar jiragen ƙasa, aka shafe shekarun 1970 ana gyara: aka wanke dutse, aka sa kicin da banɗaki na zamani. An bar gida guda, lamba 34 a Faringdon Road, an shirya shi yadda gidan fomin yake a wajejen 1900, don a ga yadda ake zaune a da.

Sai dai gyaran zamani yana zuwa da tasa cutar, kuma laima ce. Tsohon gidan yana da murhun kwal da ke ci kullum, bututun hayaƙi yana jan iska, tagogi suna ɗan shigo da iska. Da aka daina kwal, aka toshe murhu, aka liƙe tagogi, aka kawo wanka da girki da shanya cikin gida, tururin ya rasa hanya. Sai ya sauka a bango mafi sanyi, bayan kabad da kusurwar ɗaki su yi baƙi da funfuna. Mutane su ce ruwa ne ke tasowa daga ƙasa, a kira masu huda bango su ɗura magani, a yaɓe da siminti, abin ya ƙaru.

Abin da ya kamata a duba, bi da bi: indararo da bututun ruwan rufi, ko suna zuba a jikin bango. Sai ƙasar waje, ta kasance aƙalla milimita 150 ƙasa da daɓen ciki, don shekara da shekaru ana ƙara kwalta da daɓe har ƙasa ta haura. Inda daɓen na katako ne, ramukan iskar da ke gindin bango su zama a buɗe. Murhun da aka toshe a bar masa 'yar kafa a ƙasa, a sa wa bututun hula mai barin iska a sama. Banɗaki a sa fanka mai zuƙe lita 15 a daƙiƙa, kicin lita 30 in tana saman murhun girki. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa ba tare da an huda bango ba.

Baba Audu:
Sannunku da ƙoƙari, yara. Kun yi ta maganar gidaje, bari in tsallaka da ku ɗaya gefen dogon. Unguwar tana kudu da layin, ma'aikatar tana arewa. A 1870 aka haƙa hanyar ƙafa ta ƙarƙashin dogo daga Bristol Street, ta nan dubban mutane ke shiga da safe idan jiniyar ma'aikatar ta yi kuka. Lokacin da abin ke ganiyarsa mutum kusan 14,000 ke aiki a ciki. A nan aka ƙera injinan tururi irin su City of Truro a 1903, da Caerphilly Castle a 1923, da King George V a 1927, kuma a nan aka ƙera Evening Star a 1960, injin tururi na ƙarshe da hukumar jiragen ƙasan Birtaniya ta yi. Jiniyar ta yi kukan ƙarshe a Maris na 1986.

Bayan rufewa an rushe babban zauren haɗa injina da ake kira A Shop, mai faɗin fiye da eka 11. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda aka samar wa aiki: wasu zaurukan suka zama kasuwar kantuna a 1997, wani ya zama gidan tarihi na STEAM a 2000, tsofaffin ofisoshin kamfanin kuma hukumar kula da kayan tarihi ta Ingila ce ke ciki.

Abin da nake so ku riƙe shi ne asbesto. Da shi ake naɗe tukunyar tururi don kada zafi ya tsere, ana kuma fesa shi a jikin taragu. Ƙurarsa ta shiga huhun ma'aikata, cutar kuma ba ta bayyana sai bayan shekara talatin ko arba'in. Ta kashe mutane da yawa a garin har ana kiranta cutar Swindon. Saboda haka duk wanda zai taɓa tsohon inji ko tsohon zauren loko, ya ɗauka akwai asbesto har sai gwaji ya nuna babu. Ba a kankare shi a bushe, ba a share shi da tsintsiya. Ana killace wurin da leda, a jiƙa shi, masu aiki su sa abin rufe hanci na musamman da rigar da za a zubar, a ƙulle shi a leda biyu.

Zainab:
Allah ya ƙara girma, Baba. To injinan da aka ajiye don kallo fa, su ma suna lalacewa ne ko tunda ba sa aiki sun huta?

Baba Audu:
'Yata, ajiyayyen inji a waje ya fi mai aiki saurin mutuwa. Ruwan sama yana shiga ta bututun hayaƙi ya haɗu da tokar da ta rage a akwatin hayaƙi, toka da ruwa kuma suna cin ƙarfe. Abin da aka naɗe tukunya da shi yana riƙe laima, sai tsatsa ta yi ta ci a ƙarƙashin fenti mai sheƙi ba wanda ya gani. Don haka farko rumfa. Sannan a tsiyaye ruwan tukunya da na tanki tas, a bar ƙofofin wanki a buɗe iska ta ratsa, a kwashe toka, a rufe bakin bututu, a shafe sandunan ƙafafu da giris, a riƙa ɗan tura injin lokaci-lokaci don kada nauyi ya zauna wuri ɗaya.

In kuwa ana so ya yi aiki, wannan wata duniya ce. A Birtaniya kusan duk shekara goma sai an kwance tukunya an duba ta ciki da waje. Kafin a hura wuta ana cika ta da ruwa a matsa da famfo har ninki ɗaya da rabi na ƙarfin da take aiki da shi. Dalilin amfani da ruwa shi ne ba ya matsuwa: in wani wuri ya fashe tsiyaya kawai zai yi, tururi kuwa tarwatsa wurin zai yi. Shi ya sa a STEAM aka zaɓi ajiye su a cikin gini, har an bar rami a ƙarƙashin Caerphilly Castle mutum ya shiga ya ga cikinsa.

Injiniya Bashir:
Baba ya tuna mini da dogon kansa, wanda shi ma gado ne. Brunel ya yi nasa da faɗin ƙafa 7 da rubu'in inci, wato milimita 2,140, alhali sauran kamfanoni suna kan milimita 1,435. Shimfiɗarsa ma daban ce. Maimakon katakai a gicciye, dogayen katakai ya kwantar a tsawon hanya, ƙarfen yana zaune a kansu, sannan a sa katakon gicciye jefi-jefi da sandar ƙarfe don riƙe faɗin. Inda layinsa ya haɗu da na wasu, kamar Gloucester, sai an sauke kaya da fasinja an sake lodi. Dokar 1846 ta fifita ƙaramin faɗin, amma sai a Mayun 1892 aka gama sauyawa.

Yadda aka yi aikin ƙarshen abin koyi ne. Mil 171 ne yamma da Exeter, mutum fiye da 4,000, cikin kwana biyu. Sirrin shi ne shiri: tun kafin ranar an auna katakan gicciye, an kwance ƙusoshi an shafa musu mai, an kwashe tsakuwa daga inda katakon zai matsa. Ranar aiki sai a yanke na gicciye, a tura dogon katako ɗaya da ƙarfensa ciki da milimita 705, a ɗaure, a cusa tsakuwa. A kwana kuwa sai an rage ko an ƙara tsawon ƙarfe, don da'irar ta canza. Kafin nan an janye duk injina da taragun faɗin Brunel zuwa Swindon, inda aka shimfiɗa kusan mil 15 na layukan ajiya don a sauya su ko a farfasa. Mu ma muna da irin wannan rabuwa: tsohon layin da ya iso Kano a 1911 milimita 1,067 ne, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuma 1,435, tarago ɗaya ba ya hawa duka biyun.

Hajiya Maryam:
Mu dawo kan ginin tsakiyar dandali, Mechanics' Institute. Ƙungiyar ma'aikata ce ta ilimi, ginin ya buɗe a 1855, aka faɗaɗa shi a farkon shekarun 1890. Akwai ɗakin karatu da aron littattafai, da azuzuwan dare, da babban zauren wasanni da taro. An rufe shi a 1986 tare da ma'aikatar, ya shiga hannun masu zaman kansu, aka yi ta kawo tsare-tsaren da ba su tabbata ba. Yana da rajistar kariya mai daraja ta Grade II*, yana kuma cikin jerin gine-ginen da ke cikin haɗari. Rajista tana hana ka rushewa, amma ba ta hawa rufi ta gyara indararo. Gidan da mutum ke ciki, ranar da ɗigo ya fara a ranar za a kai ƙara. Wannan kuwa ba mai gani.

Malam Ɗanlami:
Kuma lalacewar irin wannan gini tsari gare ta, Hajiya. Fale-falen rufi kowane da ƙusa biyu aka kafe shi. Dutsen yana iya wuce shekara ɗari, ƙusar ƙarfe ce ke ruɓewa ya zame. Kwararon da ke tsakanin rufi biyu, wanda aka shimfiɗa wa dalma, ganye da kashin tantabara su toshe shi, ruwa ya taru ya bi kan katakon da ke cikin bango. Da laimar katako ta wuce kashi 20 cikin ɗari, ginin kuma a rufe ba iska, sai wani irin funfuna mai cin katako ya kama, yana ratsa bango ya isa katakon da ke wani ɗakin.

Aikin ceto ba ya farawa da fenti ko taga. Rufin wucin gadi tukuna, sai share magudanai, sai buɗe kafofin iska da raga don tsuntsu kada ya shiga, sai tokare duk katakon da kansa ya ruɓe, a bar ginin ya bushe a hankali. In an zo sake rufi, a sauke fale-falen a ƙwanƙwasa kowane: mai ƙara garau a ajiye, mai amon tulu fasasshe a zubar. A ware su bisa kauri, masu kauri a ƙasa. Ƙusa ta tagulla. Dalmar da ake sawa a gindin bututun hayaƙi kada tsawon falle ɗaya ya wuce mita 1.5, a ɗora wani kan wani da milimita 100, in ba haka ba zafi da sanyi za su tsaga ta.

Kabiru:
Na karɓi maganar kwaɓi, Malam. Amma a kan Mechanics' ina nan a kan bakana: ko an kashe miliyoyi an gyara rufi, in babu wanda zai riƙa biyan wuta da mai gadi da share indararo duk shekara, bayan shekara ashirin nan za a dawo. A fara samo mai amfani da ginin, ko da rabinsa ne, sannan a yi lissafin gyara a kan bukatarsa.

Hajiya Maryam:
Nan ne ba mu haɗu ba, Kabiru. Neman mai amfani yana ɗaukar shekaru, ruwa kuma ba ya jira a gama taro. Rufin wucin gadi da share magudanai kuɗinsu kaɗan ne, kuma su ke sa a sami abin da za a miƙa wa mai amfanin in ya zo.

Zainab:
To Malam Ɗanlami, kwatas ɗin reluwe na Zariya da Kano da Kafanchan fa? Wanne daga cikin wannan ya shafe su?

Malam Ɗanlami:
Ƙanƙara ba ta dame mu ba, don haka ɓarewar dutse saboda sanyi ba tamu ba ce. Namu abokan gabar su ne gara, da ruwan damina mai dukan gindin bango, da tsatsar kwano a bakin ƙusa. Amma dokar kwaɓi tana nan: tsohon bulo mai laushi ko bangon ƙasa in aka yaɓe shi da siminti mai ƙarfi, laima za ta taru a baya, yaɓen ya kumbura ya faɗo da naman bangon. Kafin a taɓa komai a auna gidan a zana shi, a ɗauki hoton kowane bango da ƙofa da taga. A ɓanɓaro ɗan tsohon kwaɓi a ɗiga masa ruwan tsami: in ya yi kumfa sosai ya narke ya bar yashi, akwai farar ƙasa a ciki, da irinta za a gyara. A hau silin da fitila a soki kowane rafta da tsinken ƙarfe, musamman inda ya shiga bango, a bi hanyar gara har gidanta. Silin ɗin kansa da wasu kwanukan rufi na iya zama na asbesto, don haka a kiyaye abin da Baba ya faɗa, kada a fasa ko a yanka su da zarto. A gindin bango kuma a gyara ƙasa ta gangara waje aƙalla mita ɗaya, indararo ya zuba a kwata, kwatar kuma a bi ta har inda take fita.